Darbejiya: Baƙuwar Da Ɗacinta Ke Hana Tsutsa Girma

 Ina gaida masu tuƙin tuwo da masu ɗinkin hula, da masu dakan fura da suka jingine rediyo a gefen turmi. Yau tarihi za mu taɓa, tarihin bishiyar nan da ke ƙofar gidanku ko a tsakar gidan maƙwabta, wadda kullum safiya ake share 'ya'yanta a kwashe a kai bola. Darbejiya nake nufi. Wasu su ce maina, wasu bedi, wasu kuma dogon yaro.

Uwargida, bari in fara da tambaya. Ki lissafa mini wuraren da ke cikin birnin nan da suka ci sunan bishiya. Akwai Durumin Iya, akwai Durumin Zungura, ga Rimin Kira, ga Ceɗiyar 'Yan Gurasa, ga kuma Kukar Bulukiya. To a cikin tsofaffin unguwannin da ganuwa ta kewaye, wacce kika taɓa ji an ce mata Darbejiyar wane? Ga ta ko'ina, a bakin titi, a makarantu, a maƙabartu, a asibiti, amma da aka raba sunayen unguwanni ba ta nan. Dalili kuwa, baƙuwa ce. Sarki Muhammadu Rumfa bai taɓa shan inuwarta ba, haka Sarki Ibrahim Dabo, haka Sarki Alu. Lokacin da Turawa suka shigo Kano a 1903, rimi da kuka da durumi da dabino suka tarar.

Asalinta ƙasar Indiya ce da Bama. A farkon ƙarnin da ya wuce ne ta shigo Afirka ta Yamma, kuma wanda ake dangantawa da kawo ta shi ne Gwamna Guggisberg, Baturen da ya mulki ƙasar da yanzu ake kira Gana daga 1919 zuwa 1927. A 1928 aka dasa ta a lardin Barno, lokacin Sarkin Kano Abdullahi Bayero yana da shekara biyu a kan gado. Ta karɓi ƙasar Barno, ta jure yashi da zafi da ƙarancin ruwa, sai ma'aikatan gandun daji suka yi ta raba dashenta zuwa Sakkwato da Katsina da Kano. Abin da suke nema a wurinta inuwa ne da itacen girki da sandunan gini, sai kuma tare iska. Ko a Nijar, a kwarin Majiya da ke yankin Tawa, tun daga 1975 aka riƙa jera ta layi-layi don ta kare gero daga iskar da ke kwashe ƙasa. Hajiyoyin da suka tsaya a Arfa kuma, bishiyoyin nan da kuka fake a ƙarƙashinsu ai ita ce. Saurin girmanta ya sa aka ce dogon yaro: yau ki dasa, kafin ki yaye goyonki ta wuce katanga.

To amma kafin zuwanta, da me kakanninmu suke yaƙar ƙwari? Ba zaune suke ba. Suna cuɗa wake da toka ko yashi mai laushi kafin su rufe a tukunya. Suna jefa busasshen barkono a cikin hatsi. Manoma suna shimfiɗa ganyen bunsurun fadama a rumbu saboda warinsa. Masunta sun san majimfa, wadda ake dakawa a zuba a ruwa kifi ya bugu ya taso, kuma wannan dafin nata yana kashe ƙwari. Ruwan taba ma haka. Wani likita ɗan Sikotlan mai suna Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa, ya tattara sunayen tsirranmu na Hausa a wani littafi a 1916, ya kuma fitar da babban littafi a kan amfaninsu a 1937. Yawancin abin da ya rubuta daga bakin mutanenmu ya ji shi.

Kin taɓa tambayar kanki me ya sa maɗaci yake da ɗaci, me ya sa shuwaka da garafuni suke sa ki yamutsa fuska? Akuya in ta ga kura sai ta ruga. Kaza in ta ga shaho sai ta shige akurki. Bishiya fa? Tana tsaye wuri guda, ba ƙafa ba ƙaho, tsutsa ta hau ta fara ci. Makaminta kenan, ta haɗa wani sinadari a cikin ganyenta da ɓawonta da 'ya'yanta wanda zai hana maƙiyi sakewa. Yajin barkono, ƙamshin ɗoɗɗoya, farin ruwan tumfafiya, ƙarfin taba, duk kayan faɗa ne. Mu mutane muka zo muka mai da wasu kayan miya, wasu magani. Darbejiya da maɗaci kuwa 'yan gida ɗaya ne a wurin masana tsirrai, shi ya sa ɗacinsu ya yi kama.

Matan Indiya sun daɗe da sanin wannan. Shekaru aru-aru suna sa busasshen ganyenta a cikin adaka don kada asu ya ci tufafi, suna sa shi a cikin shinkafa da alkama. Amma masu ilmin zamani ba su waiwaye ta sosai ba sai da fara ta tilasta musu. A 1959 wani Bajamushe masanin ƙwari, Heinrich Schmutterer, yana aiki a Sudan, sai farar ɗango ta sauka. Tsofaffinmu da suka ga fara a shekarun 1930 sun ba da labarin yadda take, rana ta dushe, gona ta koma fili kafin la'asar. Haka ta yi a can, ta cinye kowane kore. Da mutumin nan ya duba, sai ya ga bishiya iri ɗaya ce ta rage da ganyenta. Fara takan sauka a kanta, ta ɗan taɓa, ta tashi. Wannan abin da ya gani shi ya riƙe shi a kan darbejiya har ƙarshen aikinsa. A 1962 wasu masana a birnin Delhi, Pradhan da abokan aikinsa, suka daka ƙwallon 'ya'yanta suka jiƙa suka fesa wa amfanin gona, fara ta ƙi ci. A 1968 kuma, a jami'ar Keele ta Ingila, Butterworth da Morgan suka ware ainihin sinadarin da ke yin aikin, suka raɗa masa suna azadiraktin.

Yanzu ki ajiye muciya ki saurara, don nan ne maganar take.

Aikin wannan sinadari hawa biyu ne. Na farko, yana kashe wa ƙwaro sha'awar abinci. Tsutsa tana da abin ɗanɗano a bakinta, fara ma har a ƙafafunta take ɗanɗanawa. Da ta taɓa ganyen da ke da shi sai ta janye, kamar mai zazzaɓi da aka ajiye wa tuwo. Wata ta bar wurin, wata ta zauna da yunwa.

Na biyu shi ne abin mamakin. Fatar tsutsa ba ta girma tare da ita. Ki ɗauka kamar yaro ne da rigar sallar bara: yaro yana ƙaruwa, riga tana nan yadda take. Don haka dole tsutsa ta yi saɓa irin ta maciji, ta tuɓe tsohuwar fata ta fito da sabuwa mai faɗi, kuma takan yi haka wajen sau huɗu ko biyar kafin ta naɗe kanta ta rikiɗa ta zama malam-buɗe-littafi ko asu, ta zo ta sa ƙwai. Kowace saɓa sai ƙwaƙwalwarta ta aika saƙo zuwa wata 'yar halitta a cikin jikinta, ita kuma ta saki ruwan da ke cewa lokaci ya yi, a tuɓe. To azadiraktin wannan ɗan aiken yake tarewa a hanya. Saƙo ba ya isa a kan kari. Tsutsa ta maƙale a cikin rigar da ta yi mata kaɗan, ko ta tuɓe rabi ta kasa ƙarasawa. Wadda ta tsira ta fito da fiffike a murɗe, ba ta iya tashi, ƙwanta kuma kaɗan ne ko fanko. Ke da ni da akuyarki ba ma yin irin wannan saɓa, ba mu da wannan ɗan aiken a jikinmu. Shi ya sa raƙumi da akuya suke cin ganyenta su kwana lafiya.

Sai dai ki lura da kyau, ba ya kashewa nan take. Kika yayyafa yau, gobe za ki ga tsutsa tana nan a kan ganye, tana motsi. Mai gaggawa sai ta ce ai wannan aikin banza ne. Ki duba ganyen tukuna, za ki ga ɓarnar ta tsaya, ba sabon huji. Kwana uku, huɗu, zuwa mako, sai ki ga sun yi laushi sun zube. A ganina wannan jinkirin shi ne babban abin da ya sa mutanenmu suka raina ta. Mu mun fi son mu ga gawa a ƙasa. Sannu kuwa ba ta hana zuwa.

Wanda ya ba mu gawa nan take shi ne maganin kwalba. A 1939 wani mutumin Suwizalan, Paul Müller, ya gano ƙarfin DDT, har aka ba shi kyautar Nobel a 1948. Bayansa wasu suka biyo, irin su Gammalin da manya za su tuna, har zuwa fiya-fiya da Sniper na zamanin nan. Gaskiya sun yi aiki, sun ceci amfanin gona mai yawa, ba za a hana su wannan ba. Amma tun 1962 wata mata Ba'amurkiya, Rachel Carson, ta rubuta littafi tana jan kunne cewa dafin nan ba ya tsayawa a kan ƙwaro, yana bin ruwa da ƙasa da tsuntsaye har ya iso jikin mutum. An yi mata ca a lokacin, daga baya ƙasashe suka hana DDT a gona.

Mu ma mun ɗanɗana. A 2008 ɗalibai mata fiye da 100 a wata makarantar kwana a Doma ta jihar Gombe aka kwasa zuwa asibiti bayan sun ci wake, da aka gwada abincin aka sami dafin da ke cikin Gammalin. A shekarar ce hukumar NAFDAC ta haramta magungunan ƙwari har 30. A 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Nijeriya saboda yawan dafin da ake samu a cikinsa, irin wanda ke cikin Sniper. Su sun ƙi saye. Waken da suka ƙi, wa ya ci? Ke da ba ki fita, ba ki ga inda aka adana shi ba, ba ki ga ranar da aka yi wa alayyafo feshi ba. Yaro kika aika Kasuwar Rimi, ko maigida ya biya ta 'Yankaba, aka kawo miki, kika dafa, kika zuba wa 'ya'yanki da hannunki. Wannan shi ya sa na ce maganar ta shafe mu fiye da kowa.

Kuma ƙwarin ma sun koyi jure wa kwalba. Kun tuna 2016, shekarar da tumatir ya gagari talaka, aka koma miyar kuka da busasshen kauɗa? Wata 'yar tsutsa ce da manoma suka sa wa suna sharon, asalinta Kudancin Amurka, tana shiga tsakanin fatar ganye ta yi ta ci daga ciki. Ta share gonakin Kadawa da Kura, jihar Kaduna har dokar ta-ɓaci ta kafa a kanta. Manoma suka yi ta feshi, ita kuwa ko a jikinta. A shekarar nan dai aka fara ganin wata tsutsar mai cin masara a Nijeriya, ita ma baƙuwa daga nahiyar Amurka. Ba zan ce muku darbejiya kaɗai za ta kori waɗannan ba, ƙarya ne. Amma ga wani gwaji da aka yi a Kanada, aka buga sakamakonsa a 1995. Aka ɗauki wasu ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye aka raba biyu. Kashi ɗaya ana fesa musu tataccen azadiraktin shi kaɗai, ɗayan kuma ruwan ƙwallon gaba ɗayansa. Bayan haihuwa 40, na farko sun fara jurewa har ninki tara, na biyu kuwa ba su iya ba. Saboda ƙwallon ba sinadari ɗaya ne a cikinsa ba, tarin 'yan uwa ne masu ɗaci, ƙwaro in ya kauce wa wannan sai wancan ya kama shi. Kin ga ta wannan fuskar abin da turminki ya daka yana da fifikon da na masana'anta bai da shi. Su masanan ma sai da wani farfesa a Kambirij, Steven Ley, da ɗalibansa suka shafe shekara 22 kafin su iya haɗa azadiraktin da hannunsu a 2007, abin da bishiyar ƙofar gidanku take yi kowace shekara ba ko sisi.

Akwai wani labari da nake so ku ji, don na mata ne. Da kamfanoni suka gane akwai kuɗi a darbejiya, sai aka shiga rige-rigen mallaka. A 1994 ofishin rajistar ƙirƙira na Turai ya ba kamfanin W. R. Grace da ma'aikatar gona ta Amurka takardar mallakar wata hanya ta amfani da man darbejiya wajen maganin fumfunar shuka. Mata uku suka ce ba su yarda ba: Vandana Shiva daga Indiya, Magda Aelvoet daga Beljiyam, da Linda Bullard. Hujjarsu ita ce, ta yaya za ka ce kai ka ƙirƙiro abin da manoman Indiya suke yi tun kafin a haifi kakanka? A shekarar 2000 aka soke takardar. Aka ɗaukaka ƙara, ranar 8 ga Maris 2005 a birnin Munik aka tabbatar da sokewar, ranar kuwa ta dace da ranar mata ta duniya. Wani abin dariya, sunan da masana ke kiran bishiyar da shi daga Farisanci ya fito, ma'anarsa itace mai 'yanci.

To mu dawo tsakar gida. Da yawanku kuna da zogale a bayan ɗaki, ko rama da yakuwa da alayyafo a tsohon bokiti ko buhu, wata har da lalle. Kun san tsutsar nan da ke saƙa kamar yanar gizo a kan zogale ta bar shi tsirara. Masu lambun zogale a Maraɗi da Yamai sun sha wuya da ita, kuma ruwan darbejiya na cikin abin da ake ba su shawara a kai. Masu bincike na Samaru ta Zariya da na cibiyar IITA su ma sun gwada shi a kan ƙwarin wake.

Yawancinmu ganye muke tsinka, alhali ƙarfin yana cikin ƙwallo. Idan 'ya'yan suka nuna suka yi rawaya suna zuba, ko jemagu da tsuntsaye suka tsotse suka yar, ki sa yara su tsinto miki. Ki wanke naman jikinsu, ki shanya a inuwa mai iska har su bushe ƙayau. Kada ki ƙulle su a leda, ki sa a kwando ko buhun algarara. Duk wanda ya yi fumfuna ki zubar, don wannan fumfunar dafi ce mai cutar da hanta. Ranar da za ki yi aiki, ki daka rabin kilo. Ki aika a auna miki a sikeli sau ɗaya, daga nan kin gane ma'auninsa a kwanonki. Ki jiƙa a ruwa lita 10, wato kimanin ledar fiya-wata 20, ya kwana. Da safe ki tace da ƙyalle mai tsabta, ki narka ɗan sabulu kaɗan a ciki don ya kama ganye. Ki jira sai yamma, rana ta yi sanyi, saboda hasken rana yana karya ƙarfinsa, kuma a lokacin ƙudan zuma sun koma gida. In babu abin feshi, tsintsiya ta isa. Ki yayyafa sama da ƙarƙashin ganye, don a ƙarƙashi suke ɓuya. Ki maimaita bayan mako guda. Ruwan da ya rage ba ya ajiyuwa, kwana ɗaya biyu ya lalace. Tukar da ta rage a ƙyalle ki zuba a gindin shukar, taki ce. Turmin kuwa, ki ware masa nasa, in ba haka ba ranar da kika daka yaji maigida zai tambaye ki laifin da ya yi miki.

Ganyen da aka yayyafa wa, ki ba shi kwana biyu ko uku kafin ki tsinka, ki wanke sosai, ɗacin zai fita. Tun tsutsa tana ƙarama ake farawa, lokacin da saɓa da yawa ke gabanta. Wadda ta riga ta ƙoshi ta kusa naɗewa, ki sa hannu ki cire ta ki ba kaji.

Wake na ajiya kuma, man darbejiya ake shafa masa, kamar cokalin shayi ɗaya zuwa ɗaya da rabi a kwano guda, a cuɗa sosai har kowace ƙwaya ta samu. Yana hana ƙwan ƙwaro ƙyanƙyashewa na tsawon watanni, sai dai a wanke da ruwan ɗumi kafin a dafa. Mai wake da yawa kuma, buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, wanda aka fara yaɗawa a 2007, ya fi sauƙi, don shi iska yake hana ƙwaro, ba a sa komai a ciki.

Sai jan kunne, kuma ina roƙonku ku riƙe shi da kyau. Don abu ya fito daga bishiya ba shi ne ya zama ba ya cutarwa ba. Man darbejiya ba na sha ba ne. A 1981 likitoci a Maleshiya suka ba da rahoton jarirai da aka ɗura wa man nan da sunan magani, suka kama amai da suma da jijjiga, kuma a Indiya an rasa yara ta wannan hanya. Kada a ba jariri, kada a ba yaro, mai ciki da mai neman haihuwa su nisance shi. Ki ajiye kwalbar inda hannun yaro ba ya kai, kuma kada ki zuba shi a kwalbar da aka saba ganin man gyaɗa a ciki. Suracen ganyenta da muke yi in jiki ya yi zafi, wannan daban, amma yaron da zazzaɓi ya kama, gwajin jini a asibiti shi ne farko.

Masu tambaya ko ganye zai iya maye gurbin ƙwallo in ba lokacin 'ya'ya ba ne: zai iya, amma ƙarfinsa bai kai ba. Sai ki daka ɗanye mai yawa, wajen kilo guda a ruwa lita 5, shi ma ya kwana, ki riƙa yayyafawa duk bayan kwana huɗu ko biyar. Mu kwana nan, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.